Amsa kan tsara shekarar koral ta ɗalibai a Yamai

Sannu ƙanwata. Kin ce kun haɗa koral, wato ƙungiyar mawaƙa masu rera waƙa tare, a jami'ar Abdou Moumouni, ku wajen 40, kina tambayar wasa nawa za ku iya yi a shekara, kuma ta ina za ku fara.

Wasa uku ya ishe ku. Ku ɗauko kalanda tukuna, ku soke makonnin jarrabawa da watan azumi, wanda kowace shekara yake matsowa baya da kwana 11. Abin da ya rage shi ne naku. Ɗaya ku sa shi dab da 18 ga Disamba, ranar bikin Jamhuriyar Nijar, ɗaya wajen 24 ga Afrilu, ranar haɗin kan ƙasa, na ƙarshe kafin ɗalibai su watse hutu. Na Afrilun sai da dare, don zafin lokacin ya kan haura digiri 40, kuma murya idan ta gaji ƙasa take yi ba tare da mai ita ya sani ba.

Wasan awa ɗaya waƙa 12 zuwa 14 yake ci. Sabuwar waƙa mai murya huɗu tana buƙatar repetisiyon, wato zaman bita, uku ko huɗu kafin ta zauna. Saboda haka kada ku sabunta komai kowane wasa, ku riƙe rabi ku ƙara rabi. Sau biyu a mako, awa biyu-biyu: rana ɗaya kowane rukuni shi kaɗai, rana ɗaya a haɗe. A cikin 40 ɗin nan ki nemi soprano 12 (muryar mata ta sama), alto 10 (muryar mata ta ƙasa), tenor 8 (muryar maza ta sama), bas 10 (muryar maza ta ƙasa). Muryoyin maza, tenor da bas, su ne kan yi ƙaranci, don haka ki fara farautarsu tun makon farko.

Inda nake so ki fi sa hankali shi ne waƙoƙin Hausa da Zabarmanci. Harsunan nan suna da karin sauti. Kuka na hawaye sama yake tafiya duka, kuka ta miya kuwa gaɓar ƙarshe sauka take yi. Idan aka raba waƙa murya huɗu irin ta Turawa, soprano na hawa, alto na sauka a kan kalma guda, sai mai sauraro ya kasa tsintar maganar. Mafita tana cikin gidanmu: a bai wa murya ɗaya baitin ta bi karin harshe yadda yake, sauran su yi amshi ko su riƙe sauti a ƙasa ba kalma. Dogon wasali kuma kada a guntule shi don ya shiga kiɗa. Taken ƙasa da aka sauya a 2023 ku koye shi tun farko, duk inda aka gayyace ku za a nema.

Cikin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Mai hawa kabu-kabu ya ƙetaro gadar Kennedy ya rufe hanci da baki, kowa ya zo da gorar ruwa marar ƙanƙara, a yi minti 15 ana ɗumama murya.

Fili a buɗe irin na CCOG, wato cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ba ya mayar da sauti kamar ɗaki, mawaƙa ba sa jin juna, sai kowa ya shiga ihu. Ku tsaya kamar rabin wata, kafaɗa da kafaɗa. Makirfo biyu ko uku a gaba, sama da kai kaɗan, sun fi makirfo goma a hannu amfani. Mai kalangu ya koma gefe, in ba haka ba zai binne alto. A sa batir cikin piyano saboda ɗaukewar wuta.

Ku fara bayan isha'i, amma a tanadi motar mayar da ƴan mata gida tun kafin a buga takardar gayyata.