Yaushe taimakon ɗalibi yake komawa satar amsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma idan an ba ta jingar lissafi, yayanta ne yake zama da ita bayan sallar Isha'i. Wata rana yana yi mata bayani, wata rana kuma idan ya gaji sai ya warware mata a takarda ta kwafe. Shin wannan ma satar amsa ce? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Neman taimako a karatu ba laifi ba ne, kuma mu mutanen Zazzau mun san haka tun daga makarantar allo, inda gardi yake rubuta wa kolo allonsa, ya biya masa, ya gyara masa harafin da ya karkace. Amma babu malamin da zai yarda a wanke allon nan sai yaron ya karanta da bakinsa, domin gardi ba ya biya karatu a madadin kowa.

Saboda haka, daren da yayanta ya yi mata bayani ta riƙe biro da hannunta, koyarwa ya yi, kuma yana da lada. Daren da ta kwafe abin da ba ta gane ba ta miƙa da sunanta, an yaudari malamin da zai ba ta maki, tunda makin jinga da gwaji yana shiga sakamakon zango. Haka hukuncin yake idan daga ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, aka kwafo a waya. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ban ga dalilin taƙaita shi ga mudun kasuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne baɗi, lokacin da za ta zauna WAEC da NECO, sannan ga JAMB idan tana son shiga Jami'ar Ahmadu Bello. A can babu yaya a gefenta, kuma dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda aka kama.

Hajiya, kada ki hana shi zama da ita. Ki ce ya riƙa warware mata misali ɗaya makamancin tambayar, ya kife takardar, ita kuma ta yi nata. Ranar da ya gaji, gara ta je da aikin a rabi ta gaya wa malaminta inda ta maƙale.