Alhaji, kar ka kama masa ofis tukuna

Wani bawan Allah mai sayar da masara a kasuwar Katako nan Jos ya turo min tambaya, wai ɗansa ya gama Unijos ya gama bautar ƙasa, yanzu ya tasa shi gaba sai ya ba shi naira miliyan uku ya kama ofis, zai riƙa ba kamfanoni shawara kan harkar kama iskar kabon, wato a tare hayaƙin masana'antu kafin ya hau sama ya ƙara zafin duniya. Ya ba shi ko ya hana?

To Alhaji, yaron bai yi maka ƙarya ba, harkar akwai ta. A Norway tun 1996 suke raba iskar nan da gas a filin haƙar gas na Sleipner suna dannata can ƙarƙashin teku. A Iceland ma kamfanin Climeworks ya kafa injin Orca a 2021 mai zuƙo ta kai tsaye daga iskar da muke shaƙa, amma duk uban kuɗin da aka narka tan 4,000 kacal aka tsara masa a shekara. Ka ga wannan filin manya ne, masu mai da masu siminti, miliyan ukunka ko bututu ba za su saya ba.

Abincin ɗanka yana wajen lissafi da takardu. Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021, Najeriya ta ɗau alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take cirewa daga iska zuwa 2060, sannan tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara neman bayanin yawan kabon da ke cikin siminti da ƙarfe da takin zamani da ake shigar mata. Kenan dole kamfanoni su nemi wanda ya iya auna abin ya rubuta rahoto. Sai dai fa ba wanda zai miƙa wannan aikin ga yaron da jiya jiya ya cire kakin bautar ƙasa don kawai ya sa labule da kujera mai juyawa, abin da za su fara tambaya shi ne wa ka taɓa yi wa aiki. Ya sauka Abuja ya shiga ƙarƙashin masu yi ko da albashin ba yawa, ya yi kamar shekara biyu yana koyo.

In kuma ya nace sai nasa na kansa, to ga abu a ƙofar shagonka. Totuwar masarar nan da ake tarawa tsibi tsibi a Mangu bayan an gama sussuka, in aka ƙona ta a cikin durom aka rage mata iska gawayi take zama, a daka shi a cakuɗa da kashin kaji a zuba a gonar dankali, ƙasa ta riƙe danshi, kabon ɗin kuma ya kwanta a ƙasa shekaru aru aru. Wannan ma kama kabon ne, kuma manoma ne kwastomominsa na farko, su kuwa ka fi shi saninsu.

In kuma yana hangen dalolin kiredit ɗin kabon, wato shaidar kabon da aka kama wadda ake sayar wa kamfanoni, to ya sassauta buri. Kiredit ɗaya tan ɗaya ne na iskar kabon, kuma sai masu ba da shaidar irin su Verra ko Puro.earth sun tantance, tantancewar da kuɗin waje ake biya, durom biyu ba zai fitar da kuɗinta ba. Duk wanda ya zo da fom ya ce ku biya kuɗin rajista dala za ta fara shigowa wata mai zuwa, ku ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa.

Ni dai da ni ne, kuɗin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC zan ba shi, da kwamfuta ko ta hannu ce, da durom biyu, sauran su ci gaba da juyawa a masara. Bayan damina ɗaya ya kawo maka littafi ka ga buhu nawa ya sayar da kuma wa ya dawo ya ƙara saya, sai ku zauna maganar ofis.