Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen bindiga don kare gidansa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri. Tun jiya na ga tambayarka a zauren nan amma na kasa amsawa, don abin da ka rubuta kamar daga bakina ka ɗauko shi. Ka ce 'yan bindiga sun shigo garinku can yankin Madarumfa sun kore shanun huɗa, sun tafi da matar maƙwabcinka, yanzu kuma wani ya yi maka tayin bindiga daga wajen iyaka. Kana tambaya ko mutum na da haƙƙin ajiye makami don kare kansa da iyalinsa, tunda ka ji a Amurka doka ta ba kowa dama. Na ga wasu sun ce maka ka saya kawai, wasu sun ce ka bar wa Allah. Ina jin dukansu ba a taɓa haskake su da tocila cikin dare a kan shimfiɗarsu ba.

Haƙƙi dai akwai shi, kada wani ya ruɗe ka. Hadisi ne ingantacce cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, balle wanda ke kare matarsa da ɗiyansa. Ni ba na cikin masu cewa talaka ya naɗe hannu a yanka shi. Amma kare kai daban, bindigar da za a miƙo maka cikin buhun gawayi daban, kuma ita ce nake so in yi maka magana a kai.

Mu can wajen Gabi muke, ba zan faɗi sunan garin ba. Wana yana da harba-ka-ruga irin ta maƙera, tun ta mahaifinmu, da ita ake korar birai daga gona. Da abin ya fara tsananta sai ya gyara ta, ya sayo albarushi, ya rataye ta bayan ƙofa. Kowa a gidan ya ji sanyi a ransa, har ni. Daren da 'yan bindiga suka zo, motocinsu can nesa suka baro su cikin gonaki, suka tako da ƙafa, ko kare bai yi haushi ba sai da suka iso bakin danga. Ka san abin da suka fara tambaya? Ba shanu ba, ba kuɗi ba. Cewa suka yi, ina bindigar da ke bayan ƙofa. Bayan ƙofa fa! Sun san ɗakin, sun san ƙusar da take rataye. Wana bai ko kai hannu gare ta ba. Da ita suka doke shi a ƙeya, gaban matarsa da ɗiyansa, suka ɗaure shi da igiyar saniyarsa. Ni ina kwance rub da ciki a tsakar gida, wani yaro da bai kai sa'an ɗana na fari ba ya taka mini wuya da takalmin roba, kalash a hannunsa, yana warin fetur da hayaƙi. Mahaifiyarmu tana ta salati, ɗaya daga cikinsu ya ce mata ta yi shiru ko ya cika mata baki da harsashi. Tsohuwar da ko sarkin garinmu ba ya ɗaga mata murya. Wallahi har yau in na tuna wannan kalma sai abinci ya fita raina. Na buga waya inda ya kamata a buga bayan sun tafi, aka ce ana zuwa, aka zo bayan rana ta fito.

Suka bi da wana ta dajin Baban Rafi suka tsallaka iyaka. Sauran kun sani, ba sai na faɗa ba: kiran waya da tsakar dare ana neman kuɗin fansa, a sa shi ya yi kuka ka ji, a ce a haɗo da katin waya da taba da ƙwayoyi. Muka sayar da gonar fadama, wadda muke noman rani a cikinta, muka sayar da ragowar bisashe, matan gidan suka fid da kwanoninsu na aure. Da ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, sawun igiya a wuyan hannunsa har yanzu bai ɓace ba, kuma mutumin da da shi ke raha a majalisa yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba.

To wa ya gaya musu inda bindigar take? Da ɗan gari akan ci gari. Mutum ne da muke cin tuwo kwano ɗaya da shi. Shekarar da damina ta yi gardama, ni da hannuna na auna masa hatsi bashi, ban taɓa tambayarsa ba. Ranar sunan ɗansa wana ne ya ba shi ragon. Shi ne ya shigo ɗakin wana ya ɗauki bindigar yana juyawa yana yaba gyaran da aka yi mata, yana tambayar ko tana tashi. Washegarin abin shi ya fara zuwa jaje, ya zauna kan tabarmarmu yana share hawaye da bakin riga, har yana ba mu shawarar wanda zai sayi gonar da daraja. Wana ne ya ji sunansa a bakinsu can daji, suna gardama kan kason da za a ba shi. Muka kai magana, aka kama shi, aka ce babu shaida, aka sako shi. Bai cika wata biyu ba ya sayi sabon moto. Ranar kasuwa ina ganinsa, yana miƙo mini hannu, yana ce mini Alhaji ya iyali. Ya iyali! Ɗan'uwa, in gaya maka gaskiya, da a ce akwai bindiga a hannuna a waɗannan watanni, ba ɓarayin daji zan harba ba, don ban san inda suke ba. Shi zan harba, a tsakiyar kasuwa. Da yanzu ina gidan kaso, ɗiyana na bara, danginsa da namu kuma an shiga gaba har jikoki. Ban yafe masa ba, kuma kada wani malami a nan ya zo mini da wa'azin yafiya, na bar shi da Allah ne kawai.

Shi ya sa nake ce maka ka dubi wanda ya kawo maka tayin nan da kyau. Wa ya gaya masa kana nema? A ina ya samo ta? Tun da Libiya ta rushe a 2011 makamai ke gangarowa kudu, kuma hanyar da take kawo wa na daji ita ce dai take kawo wa na gari. Wanda ya sayar maka yau ya san gidanka, ya san kana da kuɗin saye, ya san yawan harsashin da ya ba ka. Ba ka kuma san ran wa aka ɗauka da ita ba kafin ta iso hannunka.

Batun doka kuwa, nan Nijar ba a ajiye bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, bayan an yi binciken halinka. Makamin yaƙi irin kalash kuwa ba na farar hula ba ne, babu takardar da za ta halatta maka shi. Tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 2006 kan ƙananan makamai ma haka ta tsara, sai da izini, kuma fitarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta soke dokarmu ta gida ba. In jandarmomi suka tare ka a hanyar Dan Isa da bindiga marar takarda, ba za su karanta zuciyarka ba. A wannan yanayi da ake ciki, kallon ɗan bindiga ko mai yi musu safara za a yi maka, kuma kafin ka wanke kanka ka sha zama. Na san abin da ciwo. Mai sata yana yawo da kalash a kafaɗa, kai mai gona ana tambayarka takarda. Ni ma yana ci mini rai. In ka matsa sai ka mallaka, to ka bi ta ƙofa: ka je wajen jandarma ko ofishin perfe ka tambayi yadda ake neman izini, ka sa mai garinku ya san da maganar.

Amurka da kake faɗi, gaskiya ne. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba su haƙƙin riƙe makami. An daɗe ana gardama ko haƙƙin na rundunar sa-kai ne ko na mutum shi kaɗai, sai a 2008 kotun ƙolinsu ta yanke a shari'ar Heller, wani mai gadi a birnin Washington da aka hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Alƙalai biyar suka ce haƙƙin mutum ne don kare kansa, huɗu suka ƙi. Ko a nan ma sun ce ba sakaka ba ne, ana iya hana wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi da mai taɓin hankali, ana iya hana shiga da ita makaranta. Yau bindigogin da ke hannun farar hula a can sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe musu, fiye da rabi kuma su suka harbe kansu. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi. Wana da ya dawo daga daji, akwai dararen da muka riƙa ɓoye ko wuƙar yanka albasa. Sannan shi Ba'amurke ɓarawo ɗaya ko biyu yake tsoro su fasa masa taga. Mu mutum ashirin ko talatin ne ke zagaye gari da kalash, kai kana da harsashi ɗaya a baki.

Ba ma sai mun tafi nesa ba, ga maƙwabtanmu. Masari yana gwamnan Katsina ya ce wa mutane su nemi makami su kare kansu, Matawalle yana gwamnan Zamfara ya faɗi haka a 2022 har da batun raba takardun neman izini. Abin ya ƙare? 'Yan gudun hijirar da suka kwararo mana tun 2019, waɗanda aka zaunar a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori, ka zauna da dattawansu ka ji. Da yawa za su gaya maka 'yan sa-kai sun fara ne da niyyar kare gari, daga baya aka koma tare Bafulatani a kasuwa a yanka ba tambaya, su kuma na daji su dawo su ƙone garin gaba ɗaya. A Banibangu can yankin Tillaberi, Nuwamban 2021, magajin garin da kansa ya ja 'yan sintirinsa da makamansu suka fita, mutum 69 daga cikinsu suka mutu. Mu 'yan Maradi kuwa ba mu da bakin cewa ba mu san inda fushin taro ke kai mutane ba. Toda na nan cikin Gidan Rumji, 1991, sama da mutum 100 aka hallaka, akasari mata da yara na Fulani, kuma lokacin ko kalash babu a hannun manoma. Na ga wani a ƙasan tambayarka yana rubuta cewa duk Fulani ne. Malam, ka ji tsoron Allah. Wanda ya sayar da mu Bahaushe ne ɗan'uwanmu, wanda kuma ya bi sawun shanunmu har bakin daji ya dawo ya gaya mana inda suka nufa, Bafulatanin rugar da ke gabas da mu ne, shi ma an kwashe masa garke.

Abin da zan ce ka yi, ba a jere yake ba, yadda ya zo mini ne. Ka daina ƙirga kuɗi a kasuwa gaban mutane. In ka sayar da sa ko buhunan wake kada kuɗin su kwana a gida, ko matarka kada ta san ranar. Shanun huɗa a daina ɗaure su gida-gida a bakin gari, a haɗa su tsakiya wuri ɗaya, matasa su riƙa kwana ana karɓa-karɓa, da tocila da usur da waya mai caji. Garin da ke kusa da mu haka suka yi, suka haɗa lambobi da garuruwa uku na kewaye, in an ji motsi gari ɗaya duk sai a tashi a yi ta kururuwa da buga garwa, kuma sau da yawa hayaniyar kaɗai na sa su juya. Ku nemi lambar shugaban sojojin da ke sintiri a yankinku ta hannun mai gari, kada ku tsaya sai abu ya faru. Sojojin Farautar Bushiya, rundunar da ke yaƙi da 'yan bindiga a yankin Maradi, suna ƙwato dabbobi da mutane, sun kuma rasa nasu a dajin nan, amma iyakar tana da tsawo, ba za su tsaya ƙofar kowa ba. Ku sa ido kan mai sayar da fetur a jarka da mai kai burodi da yawa daji, da yaron da ba ya noma ba ya kasuwa amma kullum da sabuwar waya.

Matar maƙwabcin naka kuma, in Allah ya sa ta dawo, don Allah ku kama bakinku. Kada a tambaye ta abin da ya faru can, kada mata su taru suna kallonta, kada mijin ya saurari masu zuga shi. A kai ta likita da wuri. Na ga auren da 'yan bindiga ba su kashe ba, gulmar gari ta kashe shi. Yara ma ku lura da su, ɗiyar wana har yanzu in moto ya wuce da dare sai ta jiƙa shimfiɗa.

Ni dai daga ƙarshe na kwaso tsohuwarmu da yara na dawo da su cikin Maradi, ina haya a unguwar Zariya, da damina in je in yi noma in dawo. Ba kowa ke da halin haka ba, na sani, kuma barin gidan uba ba daɗi. In kana da dangi a Tibiri ko nan birni, ko mata da yara kaɗai ka turo su zuwa bayan girbi.

Sannan ka koma ka goge sunan garinku da ka rubuta a tambayarka, da maganar cewa kana da sauran shanu biyu. Mu fi dubu a zauren nan, ba duka muka san juna ba. Wanda ya yi maka tayin kuma kada ka ce masa a'a kai tsaye, ka ce masa kuɗin ba su haɗu ba.