Gida biyu maganin gobara: rumbu biyu a kwamfuta ɗaya gida biyu ne?

Wani mai shagon ɗaukar hoto a Kano ya aiko da tambaya: "Malam, mai gyara ya ce in sa wa kwamfutata rumbu biyu, wai gida biyu maganin gobara. Ya kuma ce akwai haɗin sauri, akwai haɗin aminci. Wanne ne karin maganar ya dace da shi? Sannan me ya sa wasu ke cewa faifai, wasu rumbu?"

Malam, bari in fara da ta ƙarshe. Faifai asalinsa wanda mata ke saƙawa ne don rufe ƙwarya da bakace. Da garmaho ya zo, aka ga abin da ake ɗora masa zagayayye ne kuma shimfiɗaɗɗe, sai ya gaji sunan. A cikin ma'ajiyar kwamfuta irin ta da, wadda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956, akwai fayafai na gaske, a irinta da ake ƙerawa yanzu galibi suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wanda ya ce faifai siffa ya duba, wanda ya ce rumbu aiki ya duba. Ni na fi son rumbu, domin sabuwar ma'ajiyar SSD ba abin da ke juyawa a cikinta.

Haɗa rumbuna su yi aiki kamar ɗaya shi ake kira RAID, sunan da malaman Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yaɗa a wata takarda ta 1988. Haɗin saurin da mai gyaranka ya ambata shi ne RAID 0: ana tsinka kowane hoto, wani yanki a wannan rumbun, wani a wancan, su biyun su yi aiki lokaci guda. Yana da sauri ƙwarai. Amma ranar da ɗaya ya mutu, komai ya tafi, don abin da ya rage a ɗayan guntaye ne. A nan karin maganar da ya dace shi ne "sauri ya haifi nawa". Ka lura, wannan nawa ba ta ƙidaya ba ce, ba kuma ta mallaka ba. Nawa ce ta jinkiri, irin wadda ake cewa "yaron nan yana da nawa".

Haɗin aminci shi ne RAID 1. Duk abin da aka rubuta a wannan, ana rubuta shi a wancan. Ka sayi rumbu biyu, ka samu wurin ajiyar ɗaya, amma in ɗaya ya lalace aikinka bai tsaya ba. Mai rumbu uku yana iya yin RAID 5, wanda ke jure mutuwar guda ɗaya. Mai huɗu kuwa, RAID 10 ya haɗa masa sauri da aminci, a bakin rabin wurin ajiyarsa.

To amma ko RAID 1 ɗin bai cika sharaɗin karin maganar ba, kuma wannan ne ya fi damuna, don hotunan bikin mutane amana ce a hannunka. Bahaushe bai ce ɗaki biyu ba, gida biyu ya ce, wato wurare biyu da wuta ɗaya ba za ta haɗa su ba. Rumbunanka suna cikin akwati ɗaya, suna shan wuta daga waya ɗaya. In wutar lantarki ta zo da ƙarfi, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, duka biyun sun tafi. Haka nan in ka goge hoto bisa kuskure, nan take zai goge a ɗayan.

Saboda haka ka yi RAID 1, sannan ka sayi rumbu na uku, irin na waje mai igiya. Ka riƙa kwafe aikinka a ciki duk ƙarshen mako, ka cire shi, ka tafi da shi gida.