Barista, kada ka mayar da makullin ofishin nan

Barista, sau biyu na karanta tambayarka, wai ka rufe ofis ka fito takarar majalisar jiha tunda Baba Solomon Lar ma lauya ne ya zama gwamnan Filato. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi wa uwargidana kenan kafin in shiga uku.

Ni ma da sunan Baba Solomon Lar aka ja ni. Amma ka duba yadda tafiyarsa ta kasance. Shi siyasa ya fara. Malamin makaranta ne daga Langtang, ya ci zaɓen majalisar wakilai a 1959. Sai da soja suka kifar da gwamnati a 1966 ya koma aji a ABU Zariya, ya haura shekara talatin, ya zama lauya a 1971, ya buɗe ofis a Jos. Lauyancin ne ya riƙe shi da aka rufe ƙofar siyasa. Mu kuma muna so mu yi ta a baibai.

Ni wani babba a mazaɓarmu ne ya kira ni gidansa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kujerar nan taka ce." Na sayi fom, na buga fasta, na sallami akawuna, na raba wa abokan aiki shari'o'in da ke hannuna, har motata na sayar. Daren zaɓen fidda gwani ni da ƙanena muka bi daliget gida gida da ambulan. Akwai wanda ya riƙe hannuna yana rantsuwa har da ƙwalla. Da gari ya waye, muna tsaye cikin rana a bakin ƙofa, aka fito aka ce an yi maslaha, kowa ya janye wa yaron babban nan. Ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Na kira babban har wayata ta mutu. Da yamma na hango shi a bayan mota yana cin gyaɗa, ya ɗago min hannu kamar mun haɗu a wajen suna. Gyaɗar nan har yau tana min ciwo. Baƙar rigata da hular kotu wata takwas suna cikin jaka, da na buɗe duk sun yi fumfuna, masu shari'ata kuwa sun kama wasu lauyoyin.

Kuma shi kansa Baba, da ya hau gwamnan Filato a 1979 a jam'iyyar NPP, ya sake ci a 1983, wata uku kacal soja suka dawo, ya ƙare a kurkuku. Mutane sun fi tuna ya shugabanci PDP a 1998, sun manta da wannan.

Ban ce kada ka fito ba. Amma ka bar yaro ko ɗaya a ofis, ka biya hayar shekara tukuna. Kada ka taɓa kuɗin mai shari'a ko sisi, nan ne ake rasa lasisi. Ka faɗa wa iyalinka gaskiyar abin da za ka kashe, ni na ɓoye, sai a bakin maƙwabta uwargidana ta ji zancen motar. Kuma wanda ke zuga ka ɗin, tambaye shi nawa zai sa daga aljihunsa, ka dawo nan ka gaya mana abin da ya ce.