Giya a ƙungiyar wasanni: ta ina kwamiti zai fara gyara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An zaɓe ni cikin kwamitin wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai 'yan wasa manya da yara, wadda take da lasisin sayar da giya a zaurenta bayan wasa. Rigima ta fara yawa, wasu kuma suna tuƙa mota a buge, amma da zarar na ta da maganar sai a ce da kuɗin giyar ake biyan hayar fili. Ta ina za mu fara?

Amsa: Barka kadai, Malam. Abin da nake so kwamitinku ya fara fahimta shi ne, yawan shan da ake yi a zaure irin naku tsarin ƙungiya ne yake haifar da shi, don haka korar mashayi ɗaya ko biyu ba za ta kashe wutar ba. Ku dubi abin da ke faruwa da an busa usur na ƙarshe: ana miƙa wa gwarzon wasa kwalba a matsayin tukuici, ana karya farashi a ranar nasara, ana tilasta wa sabon ɗan wasa ya shanye kofi a tashi ɗaya jama'a na tafi. Waɗannan al'adu su ne suke koya wa matashi cewa giya ce ladan ƙwazo, kuma su ya kamata a fara sokewa, tun da soke su ba ya cin ko sisi.

Lokacin da ake shan ma shi ne mafi muni ga jiki. Ɗan wasa ya fito daga fili ya zubar da gumi, giya kuma tana ƙara fitsari, sai ƙarancin ruwa ya ninku. Tana buɗe hanyoyin jini ta ƙara kumburin targaɗe, tana kuma jinkirta farfaɗowar tsoka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya bugu a kai, domin jiri, amai da ruɗewar magana, waɗanda alamu ne na girgizar ƙwaƙwalwa, sai a ɗauka maye ne a bar shi ya kwanta. Wanda duk ya sami irin wannan bugu kada a ba shi ko kurɓi ɗaya, likita ya kamata ya gani.

Game da tuƙi, hanta tana bukatar kimanin awa guda kafin ta sarrafa giram 10 na zallar barasa, kuma kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa hanzarta ta. Saboda haka a shirya hanyar komawa gida tun kafin a fara sha, ko direban da bai taɓa kwalba ba, ko motar haya da ƙungiya za ta kira.

Sai ku rubuta doka, ku manna ta a bango. Wanda ya sami horo ne kaɗai zai tsaya a kantar sayar da giya, shi ma ba ya sha a bakin aiki, kuma kwamiti ya tsaya a bayansa ranar da ya hana wani babba ƙari, domin a nan ne yawancin dokoki suke mutuwa. A ajiye ruwan sha kyauta da abinci, a tsayar da lokacin rufewa, a kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta duk rigimar da ta auku. Ranar wasan yara kuwa, a ganina babu sassauci: a kulle kanta gaba ɗaya.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ba na raina ta, amma ku nemi ma'aji ya lissafa har da abin da giyar take cinyewa: kayan da aka fasa, haɗarin rasa lasisi, da iyayen da suka janye 'ya'yansu ba tare da sun ce uffan ba. Wasu ƙasashe sun daɗe da ɗaukar mataki. Sikotilan ta hana giya a filayen ƙwallon ƙafa bayan tarzomar wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 1980, Faransa kuma ta haramta wa kamfanonin giya ɗaukar nauyin wasanni da dokar Évin ta 1991. A Ostareliya, shirin Good Sports na gidauniyar Alcohol and Drug Foundation yana taimaka wa dubban ƙananan ƙungiyoyi su gyara harkar mataki-mataki, tare da neman kuɗin shiga ta wasu hanyoyi. Wannan tafiya ta sannu a hankali ita nake ba ku shawara: a zaman kwamiti mai zuwa ku gabatar da soke kyautar giya da kulle kanta ranar wasan yara, sauran kuma ku sa musu wa'adi kafin ƙarshen kakar wasa.