Tambaya da Amsa: Sautin da ƴan kallo ke ɗauka a wajen bikin waƙa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Zariya, Maradi, ina koyon gita. Wani abokina ya zuba mani wasan da Bob Dylan ya yi a bikin Newport na 2002, wanda wani ɗan kallo ya ɗauka. Sunan kowane fayil na ƙarewa da FLAC, akwai kuma AUD a jiki, sun cinye mani wuri a salula. In maida su MP3 in goge na asali?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Maida su MP3 ba laifi, amma kada ka goge na asali.

AUD na nufin daga cikin ƴan kallo aka ɗauki sautin, shi ya sa za ka ji tafi da ihu da maganar wanda ke tsaye kusa da mai ɗauka. Da SBD ka gani, to daga na'urar haɗa sauti ta dandali aka jawo shi kai tsaye. Ya fi tsabta, amma jama'a ba su cika fitowa ba. Ni dai a wasan biki na fi son AUD mai kyau, don rabin daɗin yana wurin taron. Ga shi kuma wannan wasa ba na yau da kullum ba ne: a Newport ɗin, can jihar Rhode Island ta Amurka, Dylan ya hau dandali da gitar lantarki ranar 25 ga Yuli 1965, wasu masoyan waƙar gargajiya suka yi masa ihu, bai sake wasa a bikin ba sai 2002.

Shi FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse sauti ba tare da ya zubar da komai ba. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD kusan mega 10 yake ci in ba a matse ba, FLAC ya rage shi zuwa wajen rabi. MP3 na 128 (kilobit a daƙiƙa, ma'aunin ingancinsa) kuwa kusan mega 1 ne a minti, domin yana yar da abin da yake ganin kunne ba zai lura ba, kuma abin da ya yar ba ya dawowa ko ka sake maida shi FLAC. In aka ɗauki MP3 aka sake matse shi, sai ya zama kamar fotokofin fotokofi. Kunne zai fara kamawa a tafin jama'a, ka ji yana wani shuu kamar cikin ruwa.

Saboda haka ka kwafe FLAC ɗin zuwa kwamfuta ko kart memwar dabam, ka yi MP3 na 192 ko sama don sauraron yau da gobe. Manhajar VLC kyauta ce, tana buɗe FLAC, ta kwamfuta kuma tana iya juya maka shi. Kwafa ta Xender ko Bluetooth ba ta rage komai, juyawa ce ke ragewa. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, zai isa yadda yake. Kuma ɗan fayil ɗin rubutu da ke tare da waƙoƙin, mai ɗauke da rana da wuri da irin makirufon da aka yi aiki da shi, ka bar shi tare da su.

Tambaya: Malam, na je bikin Cure Salée a Ingal, na ɗauki wasan wani makaɗin gita da salula. Ina gaba-gaba, amma da na dawo gida sautin duk ya fashe. Yana gyaruwa?

Amsa: Gaba-gaban nan shi ya jawo. Makirufon salula ɗan ƙarami ne, an yi shi don muryar mutum. In ƙarar lasifika ta fi ƙarfinsa sai ya yanke kan sautin, in ka buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran sauti ta Audacity za ka ga saman zanen a miƙe kamar an datse. Akwai abin gyara a cikin manhajar mai suna Clip Fix, yana taimakawa in fashewar kaɗan ce. In ta yi yawa, haƙuri za a yi, amma ka adana shi haka nan. Kiɗan gitar Abzinawa ta kaset da kart memwar ya yaɗu hannu zuwa hannu, kuma ta haka waƙoƙin makaɗin gita Mdou Moctar suka zaga kafin duniya ta san shi.

Gaba in za ka ɗauka, ja da baya zuwa inda mai kula da na'urar sauti yake zaune, don daga nan yake daidaita abin da taro ke ji. Sa salula a yanayin jirgin sama kada kira ya katse ka. Duba ƴar kafar makirufo da ke gindin salula, kada yatsa ya toshe ta, in da iska ka ɗaura mata ɗan soso. Nemi manhajar da ke ɗauka a WAV (sautin da ba a matse ba), mai kuma nuna ma'aunin ƙarfi, ka rage har ya riƙa tsayawa wajen -12, bai kai wurin jan launi ba. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya. Ka kuma gwada kart ɗinka tun a gida, akwai na jabu masu nuna giga 64 alhali ba su riƙe rabin haka.

Tambaya: Ina zuba wa mutane waƙoƙi a kasuwa. Zan iya sayar da irin waɗannan?

Amsa: A'a, Malam. Ɗauka taka ce, waƙa ta mai ita ce, kuma a Nijar ofishin BNDA ke kula da haƙƙin mawaƙa. Wasu sun yarda a ɗauka: ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Grateful Dead ta ware wa masu ɗauka wuri a 1984, bisa sharaɗin musaya ba ciniki ba. Dylan kuwa a ƴan shekarun nan har salula ake hanawa a wasanninsa. In makaɗin namu ne na gida, je ka same shi ko manajansa, ka ba shi kwafi, ku yi magana kafin ka zuba wa kowa.